Madubin Saiti Mai Sauƙin Kuɗi: Wanne Ya Dace da Mai Harbin Allo a Legas?

Wata Asabar bayan la'asar ƙanena ya same ni a Agege, ko zama bai yi ba ya miƙo mini waya. Hoton madubin saitin bindiga ne, wanda a filin harbi muke kira sikof. An rubuta 10-40x60 a jikinsa, wato yana zuƙowa daga sau 10 zuwa 40, faɗin gilashin gabansa milimita 60, ga fitila ja da koriya, farashi naira dubu 85. Ya ce, "Yaya, dubi wannan. Sau arba'in yake zuƙo abu. Wanda ka ce in saya sau ashirin da huɗu ne kawai, kuma kuɗinsa ya ninka wannan sau bakwai. Ina dalili?"

Shi ɗan canji ne a Ikeja, lissafi ne abincinsa, don haka tambayar ba ta ba ni mamaki ba. Na ce masa, "Da za a kawo maka injin ƙirga kuɗi mai kyan gani, mai sauri, amma a kowane bandir sai ya tsallake takarda biyu, wani lokacin uku, nawa za ka saye shi?" Ya ce ko kyauta ba ya so. Na ce to madubin saiti ma'auni ne kafin ya zama abin kallo. Hirar ta kai mu har isha'i, kuma ita ce na zauna na rubuta, don na san ba shi kaɗai ne irin wannan hoton ya ruɗa ba.

Takarda tukuna

Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na kai, irin na farauta da na wasanni, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai irin su bindigar toka, da kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Mutane da yawa ba su san bindigar iska ma tana cikin kashi na biyu ba, suna ɗaukarta abin wasan yara. Kuma rundunar 'yan sanda ta sha sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Shi ya sa yawancinmu a nan da bindigar kulob muke harbi, a cikin filin da ke da izini, a bar ta a can in an gama.

Mu 'yan Arewa mazauna Kudu muna da ƙarin dalilin yin hattara. Abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu ta zuwa Kano, bai bar zukatanmu ba. Allah ya jiƙansu. Madubin saiti ba bindiga ba ne, amma wanda ya buɗe jakarka a shingen bincike ba lacca ya zo saurare ba. Rasit, katin kulob da duk wata takarda su kasance tare da kayan ko da yaushe.

Wani abu kuma: in burinka gasar harbi irin ta Olamfik ne, mita 10 da bindigar iska ko mita 50 da ƙaramin harsashi, ajiye kuɗinka. A waɗannan ba a yarda da madubi mai zuƙowa ba sam. Maganarmu ta masu harbin allo daga nesa ce.

Mene ne "nesa"?

Ƙanena ya ɗauka nesa na nufin kilomita guda, irin na fim. Inda muke zuwa mita 100 ne iyaka, sai jefi-jefi a samu fili mai mita 200 a wajen gari. Amma ba da mita ake auna nisa a wannan wasa ba, da faɗuwar harsashi ake aunawa. Ɗauki .22 LR, ƙaramin harsashin da aka fi harbin allo da shi a duniya, mai fita da gudun kusan mita 325 a daƙiƙa. In ka daidaita saiti a mita 50, a mita 100 zai sauka ƙasa da kusan santimita 20. A mita 200 ya yi ƙasa da kusan mita ɗaya da rabi. A mita 300 faɗuwar ta haura mita 4. Ƙwayar bindigar iska ta fi haka saurin gajiya, mita 100 a wurinta tafiya ce mai nisa.

To ka ga aikin madubin kenan: ya ba ka damar ɗaga saiti daidai da wannan faɗuwar, ya kuma dawo da kai inda ka taso ba tare da kuskure ba. Duk sauran abubuwan da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali suna bayan wannan.

Majuyi, inda kuɗin yake

A saman madubi akwai majuyi na sama da ƙasa, a gefe akwai na dama da hagu. Kana murzawa kana jin ƙas, ƙas, ƙas. Kowane ƙas alkawari ne. In an rubuta 0.1 MRAD, ma'anarsa ƙas ɗaya zai matsar da harsashi santimita 1 a mita 100, rabin santimita a mita 50, santimita 2 a mita 200. A ciki, wani ɗan bututu ne ke kwance kan sifirin, majuyin na tura shi. In zaren notin bai fita daidai ba, ko sifirin ɗin ya yi laushi, sai ka murza ƙas goma ya ba ka takwas da rabi, ka dawo da shi ya ƙi komawa gurbinsa. Daga waje ba ka ganin komai. Ƙarar ƙas ɗin ma tana nan daram.

Ni ma ta ci ni, shi ya sa nake magana da zafi. Shekarun baya na sayi wani a intanet, da sunan wani babban kamfani a jikinsa, a kashi ɗaya cikin huɗu na farashin da na sani. Na ce na yi tsuntuwa. Wata biyu ina zargin hannuna, ina zargin harsashi, ina zargin iskar teku. Sai wani dattijo a filin, wanda ya daɗe a harkar, ya ce, "Malam, kawo in gani." Ya ɗaure madubin a kan benci, ya manna tef ɗin tela a bango, ya murza ƙas arba'in sama, ya dawo da arba'in ƙasa. Layin saitin da ke cikin gilashin bai dawo inda ya taso ba, ya tsaya da tazarar yatsa biyu. Ya miƙo mini ya ce, "Kyan ɗan maciji." Jabu ne, kamfanin da aka liƙa sunansa bai san da zamansa ba.

Bayan gaskiyar majuyi sai yawan tafiyarsa. Kamfani zai rubuta, misali, MRAD 18. Kar ka yi murna da lambar, rabinta ne naka, domin madubin yana farawa ne daga tsakiya, tara sama tara ƙasa. Daidaita saiti a mita 50 zai ɗan ci wani abu daga taran. Harsashin .22 kuwa yana neman kusan MRAD 2 a mita 100, 7 zuwa 8 a mita 200, sama da 13 a mita 300. Kenan mai 18 zai kai ka mita 200 da kyar, yana haki. Maganinsa gadon madubi mai gangare, wanda ake rubuta wa 20 MOA (wani ma'auni ne irin MRAD, za mu zo kansa), yana ƙara maka kusan MRAD 6. Kaurin bututun jikin madubi ma a nan yake da amfani: mai milimita 34 yakan fi mai 30 yalwar tafiya. Masu talla sukan ce kauri na ƙara haske. Ba ya ƙarawa. Haske aikin gilashin gaba ne da ingancin shafen da aka yi masa.

Akwai kuma birkin sifili, ɗan ƙarfen da ke tsayar da majuyi idan ka dawo inda ka daidaita saiti. Mai harbi da .22 yana murza majuyi fiye da zagaye ɗaya, kuma ba abin da ya fi sauƙi kamar ka manta a zagaye na nawa kake. Ba dole ba ne, amma wanda ya saba da shi ba ya son rabuwa da shi.

MRAD ko MOA

Wannan gardamar ta Amurkawa ce, ba tamu ba. MOA ya dace da masu auna inci da yadi: ɗaya daidai yake da inci 1.047 a yadi 100, wato kusan santimita 2.9 a mita 100, ƙas ɗaya kuma rubu'in haka. Mu da muka tashi da mita, MRAD ya fi mana: ɗaya santimita 10 ne a mita 100, komai goma-goma kamar naira da kwabo. 'Yan harbi suna kiransa "mil", amma ba mil ɗin tafiya ba ne, kar a rikice. Abin kiyayewa ɗaya ne: layukan cikin gilashi da majuyi su zama yare ɗaya. Tsofaffin masu araha sukan zo da ɗigon mil a ciki, majuyi kuma MOA. Kamar a ba ka farashi da sefa ne a ce ka biya da sidi, kana tsaye a rana.

Layi a gaba ko layi a baya

A jikin kwali za ka ga FFP ko SFP. Mai FFP layukan saitinsa suna gaban gilasan zuƙowa, don haka in ka zuƙo suna girma tare da hoton, tazarar da ke tsakanin alamominsa tana nan daidai a kowane mataki. Mai SFP layukansa suna baya, girmansu ba ya canzawa, alamomin kuma a mataki ɗaya kawai suke gaskiya, galibi na ƙarshe. In ka rage zuƙowa ka manta, ka yi amfani da alama ta biyu, harsashi zai tafi inda ba ka aike shi ba.

Wanda ke harbi a nisa ɗaya kullum, a kan benci, SFP ya ishe shi, har ma ya fi masa siririn layi, ga sauƙin kuɗi. Wanda ke sauya nisa, ko yake gyara wa iska da alamomin gefe, FFP ne nasa. Aibinsa shi ne a ƙaramin mataki layukan suna sirancewa har su kusa ɓacewa, amma mai harbin allo ba ya zama a can. Da, FFP kayan masu hannu da shuni ne. Yanzu ya sauko cikin na dala 400, saboda haka ban ga dalilin guje masa ba.

Sau arba'in ɗin da ya ruɗi ƙanena

Raba faɗin gilashin gaba da yawan zuƙowa, za ka samu faɗin hasken da ke isa idonka. Milimita 50 a kan 24 ya ba da kusan 2. Milimita 60 a kan 40 ya ba da ɗaya da rabi. Milimita 42 a kan 10 ya ba da 4 da ɗoriya. Iya ƙanƙantar wannan lamba, iya duhun hoton, iya wahalar samun wurin ajiye ido: ka ɗan motsa kai sai komai ya yi baƙi. Gilashi mai araha kuma a ƙarshen zuƙowarsa yake tona asirin kansa, hoto ya yi fari-fari kamar an shafa masa koko, gefen allo ya fito da shuɗi da ja.

Sannan ga kawalwalniya. Da ƙarfe goma sha ɗaya na safe a Legas, ƙasa ta ɗau zafi, iska cike da laima, allon da ke mita 100 sai ya riƙa rawa kamar yana cikin ruwa. Zuƙowa ba ta maganin wannan, ƙara shi take yi. Ni da nake da mai kaiwa 24, yawancin harbina tsakanin 12 ne da 16. Nakan kai ƙarshe ne kawai in ina son ganin hujin da na yi a takarda, don kada in taka zuwa can.

Faralas

Wannan ne abin da sababbi ba sa tambaya, kuma shi ya fi cutar masu ƙaramar bindiga. Ɗaure madubi wuri ɗaya, ka duba allo, ka ɗan kaɗa kanka ba tare da ka taɓa komai ba. In layin saiti ya yi yawo a kan allon, akwai faralas, wato hoton da layin ba su faɗa wuri ɗaya ba a cikin madubin. Majuyi na uku, na gefen hagu, shi ke gyara wannan. Abin dubawa shi ne daga mita nawa yake fara aiki. Da yawa daga madubin manyan bindigogi daga yadi 50 suke farawa, wasu ma an kafe su a yadi 100 ba gyara. Mai bindigar iska da ke atisaye a mita 10 ko 15 yana buƙatar wanda ke saukowa yadi 10. Mai .22 da ba ya harbi ƙasa da mita 25, yadi 25 ya ishe shi.

Waɗanda muka ɗora a faifai

Duka suna tsakanin dala 300 da 550 a kasuwar Amurka, gwargwadon lokaci da rangwame. Lokacin da dala ta haura naira 1,500 a 2024, mai dala 400 ya zama kayan naira dubu 600 kafin a yi maganar jigila da kwastan. "Sauƙin kuɗi" a nan da bakin masu harkar ne, ba da bakin kasuwar Mile 12 ba.

Vortex Diamondback Tactical 6-24x50 shi ne wanda aka fi sani. FFP ne, bututu milimita 30, tafiyar majuyi MRAD 19, faralas daga yadi 10, nauyi kusan giram 700. Shi ya fi sauran masu zuƙowa rashin nauyi, kuma sunan Vortex yana sa a sayar da shi cikin sauƙi in an gaji da shi. Ba shi da birkin sifili, ba shi da fitila a layi. Rashin fitilar bai dame ni ba, da rana muke harbi a kan farar takarda. Rashin birkin ne abin tunani. Ƙaninsa mai 4-16x44 ya fi shi yalwar tafiya, MRAD 25, kuma ga wanda ya yarda da abin da na faɗa kan kawalwalniya, wannan ƙanin ba abin rainawa ba ne.

Athlon Argos BTR Gen2 6-24x50 kusan tagwayen na farko ne a girma da farashi: FFP, milimita 30, MRAD 18, faralas daga yadi 10. Ya ɗara shi da birkin sifili da fitila, ya kuma fi shi nauyi, kusan giram 850. In aka ajiye mini su biyu a farashi ɗaya, birkin zai ja ni wajen Athlon. Dukansu biyu suna son gado mai gangare in za a wuce mita 200.

Arken SH4 Gen2 6-24x50 wani gini ne daban. Bututu milimita 34, tafiya MRAD 32, birkin sifili, majuyi manya masu ƙas mai ƙarfi da ba ka shakkar ka ji shi. Rabin 32 goma sha shida ne, kenan ko ba gangare zai kai .22 kusan mita 300. Farashin wannan yalwar nauyi ne: ya haura kilo ɗaya. A kan benci ko ƙafar bindiga nauyi ba laifi ba ne, yana ma kwantar da ita. In a tsaye za ka harba, kafaɗarka za ta ba ka labari. Faralas ɗinsa daga yadi 25 yake farawa, don haka mai bindigar iska a ɗan gajeren fili ya tsallake shi. Kuma zobban ɗaure madubi a kan bindiga masu milimita 34 sun fi na 30 tsada da wuyar samu a nan. Vortex Venom 5-25x56 yana wannan layin, milimita 34, MRAD 25, da birki, faralas daga yadi 15, amma ya fi tsada da kusan dala 100.

Sai wanda ƙanena ya yi wa dariya: SWFA SS 10x42. Ba ya zuƙowa ba ya ragewa, sau goma ne, shi kenan. Ba fitila, ba ado. Waɗancan duka a Chaina ake ƙera su, wannan a Japan. Tafiyar majuyinsa ta haura MRAD 30, faralas daga mita 10, nauyi kusan giram 600, kuma ya yi suna a wurin masu harbi da cewa abin da ka murza shi yake ba ka. Tun da ba ya zuƙowa, gardamar FFP da SFP ba ta shafe shi ba, alamominsa kullum gaskiya suke faɗa. Gilasai kaɗan, sassa masu motsi kaɗan, ƙofofin da laima za ta bi kaɗan. Inda ya gaza a fili yake: a mita 200 ba za ka ga hujin .22 a takarda da sau goma ba, kuma ƙaramin ɗigo a nesa yana son ido mai lafiya. Yakan kuma yanke a kasuwa, a jira watanni. Duk da haka, da za a ce in zaɓi ɗaya in zauna da shi shekara goma a Legas ba tare da damar mayarwa ba, shi zan ɗauka. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ga masu bindigar iska akwai gargaɗi na musamman. Mai aiki da sifirin, wadda ake karyawa a ɗana, shurinta biyu ne: baya sannan gaba. Wannan na gaban yana kwance gilasan madubin da aka gina don manyan bindigogi, ko da mai tsada ne. Sai a nemi wanda kamfani ya rubuta ƙarara cewa yana jure irin wannan. Hawke na Ingila sun daɗe suna yi wa masu bindigar iska kaya. Mai tukunyar iska, wadda ake cikawa da famfo, ba ta da wannan matsalar, kowanne cikin na sama zai zauna mata.

Abin da Legas ke yi wa gilashi

Masu rubuta sharhi a Amurka suna gwada madubi a ƙanƙara. Mu abokin gabarmu laima ce. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ba ya ɗagawa, ga iskar gishiri ga mazauna Lekki, Ajah da Ikko ta tsibiri. Madubin kirki ana zuƙe iskar cikinsa a cika shi da naitirojin ko argon, a toshe da zoben roba. Duk waɗanda na lissafa haka suke. Jabu kuwa yakan rubuta hakan a kwali kawai. Ka fito da shi daga mota mai sanyin na'ura zuwa zafin waje: raɓa a bayan gilashi ba komai ba ce, za ta bushe. Raɓa a ciki kuwa ta nuna a buɗe yake, kuma inda laima ta shiga funfuna na tafe. Masu kyamara a garin nan sun san ta, zare-zare kamar saƙar gizo a cikin gilashi, tana cin shafen har ta bar tabo.

Kar a ajiye madubi cikin jakar soso a ƙarƙashin gado. Robar abinci mai murfi mai kamawa, da ƙullin ƙwayoyin tsotse laima irin na cikin kwalin takalmi, sun fi jakar dubu hamsin amfani. A riƙa shanya ƙwayoyin ko a sauya su. A harmatan kuma kar a goge ƙura da bakin riga, a hure ta tukuna.

Garanti da hanyar shigowa

Vortex da Athlon suna ba da garanti na har abada, kuma ba wasa suke yi ba. Amma Vortex a jihar Wiskonsin yake, Athlon a Kansas, Arken da SWFA a Tekzas. Aika kilo ɗaya daga Legas zuwa can, da dawo da shi, da sake bi ta kwastan, zai iya cin rabin kuɗin sabo. Ga Ba'amurke garanti dalilin saye ne. Gare mu alama ce kawai cewa kamfanin ya yarda da kayansa. Shi ya sa nake fifita wanda ba zai lalace ba a kan wanda za a gyara kyauta.

Shigowar ma ba kamar odar takalmi ba ce. Amurka tana sa madubin bindiga cikin kayan da fitar da su zuwa ƙasashe da yawa ke buƙatar lasisi, shi ya sa shagunansu da dama ba sa aikowa waje. Kar ka roƙi ɗan'uwa ya cusa maka a akwati, kana iya jefa shi cikin abin da bai sani ba. A nan gida kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ne ke ba da takardar shaidar mai amfani ga kayan da suka shafi tsaro. Kafin ka biya ko sisi, ka bi ta kulob ɗinku ko dillali mai rajista a tabbatar maka da takardun da ake nema. In na hannu za ka saya a wurin ɗan kulob, wanda sau da yawa shi ya fi sauƙi, ka duba lambar jikinsa, ka tura wa kamfanin hotonta ta imel su tabbatar nasu ne. Ka duba bututun ko zobe ya lotsa shi.

Zobban ma a sa su cikin lissafi tun farko, kusan kashi 15 cikin ɗari na kuɗin madubin. Zoben banza yana sa madubin kirki ya zame, ka koma zargin abin da ba shi da laifi. Kuma ba a ɗaure su kamar notin tayar danfo. Ɗauri mai yawa yana matse bututu har ya hana majuyi da faralas aiki.

Abin da ƙanena ya yi

Na ce masa in .22 ce a kan benci kuma yana mafarkin mita 300, ya ɗauki Arken. In bindigar iska ce mai tukunya, daga mita 10 zuwa 100, Athlon. In yana son mara nauyi da zai iya sayarwa gobe, Diamondback. In zai iya haɗiye son zuƙowa, SWFA. Ya ce, "Yaya, sau goma ɗin nan dai ban iya ba, ina son in ga hujina." Ban ja da shi ba, idonsa ne da kuɗinsa.

Bayan mako uku wani ɗan kulob da zai koma Abuja ya sa Argos ɗinsa a kasuwa, da zobba da rasit. Kafin ƙanena ya tura kuɗi muka ɗaure shi a benci, muka auna mita 50 da tef, ba da taku ba, muka manna takarda mai layi a tsaye. Ƙas arba'in sama ya kamata ya ba da santimita 20. Ya ba da 20. Muka dawo, layin ya zauna kan ɗigon. Muka yi dama, muka yi hagu, muka maimaita sau uku. Sannan muka bar shi minti goma a mota da sanyi a kunne, muka fito da shi rana. Raɓa ta kwanta a waje, ta bushe, ciki garau. Ƙanena ya ciro waya ya tura kuɗin, amma sai da ya sa mutumin ya rage masa dubu ashirin saboda murfin gilashin gaba ya ɓata.